Wasiƙa ta Tara

Ranar Litinin, uku ga watan Yuni na 1957, wadda ta zo daidai da farkon Zulƙida na 1376, Mushe Alkasum, wato Malam Alkasum, ya shiga biron direkta, ofishin shugaban makaranta, da dosiye tara a hannu. Ajinsa, wato ajin ƙarshe na lakwal ɗinmu a Zinder, yana da ɗalibai arba'in da ɗaya, maza talatin da takwas, mata uku. Tara daga cikinsu aka zaɓa su nemi shiga kolejin Yamai. Kowane dosiye sai an sa masa takardar haihuwa, da makin shekara biyu, da wasiƙar malamin aji wadda yake bayyana ra'ayinsa a kan ɗalibin. Direkta ya ƙirga dosiye ya sami tara, ya ƙirga wasiƙu ya sami takwas.

Ya kamata in faɗi nauyin wasiƙar nan a wancan zamani. Tun 1926 aka ɗauke mazaunin gwamna daga Zinder aka kai Yamai, kuma a shekarun da nake magana a kai, ɗan Damagaram da ke son kolej sai ya yi tafiyar kusan kilomita ɗari tara zuwa yamma. Guraben ba su da yawa. Akwai kwankur, wato jarrabawar shiga, amma makin yara masu ƙoƙari yakan zo kusa da juna, to a nan ne masu zaɓe suke buɗe wasiƙun malamai. Ba su taɓa ganin yaranmu ba. Abin da malami ya rubuta shi ne kaɗai sanin da suka yi wa yaro.

Wasiƙar da ta rage ta Zuliha ce, Zuliha kuwa ita ce ƴar Alkasum ta fari. Ta kuma ci sunan mahaifiyarsa, tsohuwar tana nan da ranta a Birni, tsohuwar unguwar gari. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan suna ɗaya, domin mutumin kirki ba ya kiran ɗan fari ko ya yabe shi, ba ya kuma ambaton sunan uwarsa. Tun da aka yaye yarinyar wansa Illa, baduku, ya ɗauke ta riƙo. Shi take kira Baba, a gida kuma Uwani ake ce mata. Ni taubashinsu ne, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsu ce, kuma ina koyarwa a ajin da ke jikin na Alkasum. Ban taɓa jin ya ce ko Uwani ba. In ta kama dole, sai ya ce “ta gidan Yaya”.

Shi ke riƙe da azuzuwa biyu na ƙarshe, saboda haka da ta iso hannunsa ba shi da wurin kauce mata. Sai ya sake yadda ake kiran suna da safe. Ya ba kowane ɗalibi lamba bisa jerin haruffa, ya riƙa kiran lamba, yaro ya amsa da “firzan”, wato ga ni. Zuliha ta zo ƙarshe, lamba arba'in da ɗaya. Direkta, wani Bafaranshe mai son tsari, ya yaba dabarar a taron malamai, ya ce tana rage ɓata lokaci. Mu sauran muka dubi ƙasa.

Direktan nan yana da wata al'ada tasa. An taɓa kai ƙara cewa malamai suna fifita ƴaƴan masu sarauta, shi ya sa ya kafa cewa kafin a rufe dosiye, kowane malami zai miƙe ya karanta wasiƙunsa da bakinsa a gaban malamai da wakilan iyaye biyu, a kuma fassara musu. A wannan shekarar Illa ne ɗaya daga cikin wakilan. An sa karatun ranar Asabar, motar gidan waya kuma za ta tashi Litinin.

Ina cikin biron lokacin da direkta ya gama ƙirgarsa, na je karɓar alli.

Ya ce, “Mushe Alkasum, takwas ne.”

“Na sani, Mushe Direkta.”

“Yarinyar ta yi maka wani laifi?”

“A'a.”

“To ba ta cancanta ba ne?”

Alkasum ya tsaya hannuwansa a baya, yana duban taswirar da ke jikin bango. Mutum ne da ba ya rasa amsa da Faransanci, har sufeto yakan yi hankali da shi. Ran nan bai ɗauke ido daga taswirar ba.

Sai na sa baki. Na yi wa direkta bayani a taƙaice, na ce in zai yarda ni sai in rubuta ta taran. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce doka malamin aji ta ce, amma zai iya ƙara layi ɗaya a ƙasa ya ce malamin ajin ya nemi a ɗauke masa saboda dalilin iyali. Da muka fito Alkasum ya kama hannuna ya matse. Na ɗauka magana ta ƙare.

Lokacin shan iska na kira Zuliha gindin tsamiyar lakwal. Shekarunta goma sha uku, siririya ce, tana da wata tsayuwa ta dafe gwiwar hannu ɗaya da ɗayan. Na gaya mata ni zan rubuta mata, na tambaye ta abin da ta fi so a karatu don in san abin da zan faɗa.

Ta ce, “Mushe, ka taɓa koya mini?”

“Ban taɓa ba. Shekarar da kike ajin da nake riƙe da shi yanzu, ina Magarya.”

“Ka taɓa duba kayena, littafin aikina?”

“Zan duba yau.”

“To me za ka ce ka sani a kaina?”

Na ce mata makinta na nan a rubuce, kowa yana iya gani. Ta ce makin Tahiru ɗan ajinsu ma na nan a rubuce, amma an yi masa shafi guda. Ashe yaran sun riga sun san kome, domin Alkasum yakan kira kowannensu ya yi masa tambayoyi kafin ya rubuta, ita kaɗai bai kira ba.

Ta ce, “Mutanen Yamai za su ga takwas da hannu ɗaya, ɗaya da wani hannu. Za su ce malaminta ya ƙi ta. In ni ce su, haka zan ce.”

“Direkta zai rubuta dalili.”

“Dalilin iyali. Sai su ce ko uban ma bai iya yi mata ƙarya ba.”

Ni ma na san yadda ake karanta irin wannan layi a ofis. Na juya zuwa lallashi, na tuna mata halin da mahaifinta yake ciki. Ta saurare ni da ladabi har na gama.

“A gida ban taɓa neman ya kira ni ba, ba kuwa zan nema ba. Nan lakwal ne. Na gode, Mushe, amma in taka ce za ta tafi, ba zan zauna kwankur ba.”

Duk da haka na rubuta tawa da yamma na kai wa direkta, ina cewa kafin Asabar za ta huce.

Bangon da ke tsakanin ajina da na Alkasum bai kai rufi ba, saboda haka nakan ji kiran lambarsa kowace safiya. Ranar Talata ya yi ta kira ana amsawa, har ya kai arba'in. Ya ce, “Arba'in da ɗaya.” Tsit. Ya maimaita. Tsit. Na bar yarana na leƙa ta taga. Tana zaune a bencin gaba, inda ƴan matan uku suke zama, hannuwanta a harɗe bisa tebur kamar yadda doka ta ce, idonta a kan allo. Shatu, wadda ke kusa da ita, tana ta zungurinta da gwiwa.

Wani yaro daga baya ya ce, “Mushe, ga ta nan ai.”

Alkasum ya ce, “Ban tambaye ka ba.”

Ya kira sau na uku, ya jira, ya rufe littafin kiran suna, ya soma darasi. Ita kuwa ta yi duk aikin ranar. Da ya nuna ta da sanda ta fita allo ta warware lissafi, ta koma ta zauna. Lambar ce kaɗai ta ƙi amsawa.

A nan halin Alkasum ya kama shi. A shekara goma sha shida na aikinsa bai taɓa sa wa yaro alamar zuwa ba sai ya ji muryarsa, kuma kowa ya san haka, har da ita. Bai iya rubuta ba ta zo ba, ga ta a gabansa. Bai iya rubuta ta zo ba, ba ta amsa ba. Sai ya bar gurbin babu kome. Ranar Laraba aka sake, har yaran wasu azuzuwa suka soma laɓewa a taga don su ji. Direkta ya duba littafin, ya ce gurbin da ba a cike ba rashin zuwa ne a wurinsa, kuma ba zai aika dosiyen ɗalibar da ta yi fashin mako ba tare da dalili ba.

A wancan zamani ba a lakwal ranar Alhamis, kuma ranar ce kasuwar Zinder take ci. Na sami Illa a rumfarsa yana yanka jar fata.

Ya ce, “Ɗan mace, bawan gidanmu, me ya kawo ka? Kada ka zauna nan, karan dafi zai ɓata maka wandon Nasara.”

“Ka wanke hannu tukuna in gaishe ka, ubangidan da bai taɓa ciyar da bawansa ba.”

Ya turo mini kujera da ƙafa. Na kwashe labari na gaya masa, na tarar ya riga ya ji rabinsa a bakin yaran unguwa. Ya ɗaga fatar da ke hannunsa ya nuna mini.

“Jakarta ce ta Yamai. Kada ka zaci ina cikin masu cewa mace ta zauna gida. Ni na kai ta lakwal da hannuna, lokacin da mutane suke ɓoye nasu a rumbu. Ka rubuta, ko ba ka rubuta ba?”

“Na rubuta. Ta ƙi.”

“Wa ya tambaye ta?”

“Ni.”

“To ka ji. Ku ƴan lakwal sai ku tsaya kuna shawara da yaro, kamar alƙali da mufti.” Ya ajiye wuƙar. Wasan ya fita daga muryarsa. “Suma'ila, saurara. Alkasum ya miƙe a gaban Nasara da mutanen gari ya kira Inna da sunanta, sannan ya hau yabon ƴar cikinsa kamar maroƙi, ni kuma ina zaune? Inna tana raye. Gobe a bakin rijiya za a gaya mata. Ka ce masa ni na ce kada ya yi. Yarinyar kuwa ka bar ni da ita.”

Daga baya na ji cewa ya zaunar da ita bayan la'asar ya yi mata faɗa mai tsawo. Ta durƙusa har ya gama, ta ce ya yi haƙuri, ta tashi ta kawo masa ruwa. Ranar Juma'a da safe Alkasum ya ce arba'in da ɗaya, ajin ya yi tsit.

Da aka tashi a ranar, na shiga ajinsa. Yana zaune a teburinsa yana gyaran kaye. Ita ma ba ta fita ba, ranar sharar ƴan mata ce, ta sallami sauran biyun ta tsaya da tsintsiya. Tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Alkasum ya dube ni, ni kaɗai.

“Ka gaya wa ta gidan Yaya cewa abin da take yi zai hana ta Yamai.”

Na juya na soma maimaitawa. Ta tare ni.

“Na ji, Mushe. Ka gaya wa Mushe cewa ba a kira ni ba, shi ya sa ban amsa ba.”

“Ka gaya mata shekara biyu tana amsa lambar nan.”

“Ka gaya masa shekara biyu na ɗauka a baki kaɗai abin ya tsaya. Ban san har alƙalami zai kai ba.”

Ya cire tabarau ya goge. “Ka gaya mata ba a yin haka. Ba ni na ƙago ba. Mahaifina bai taɓa kiran Yaya Illa ba har ya rasu, kuma babu wanda ya so Yaya kamarsa.”

“Ka tambaye shi ko Baba Illa ya taɓa neman kolej.”

Na ce mata ta yi hankali da bakinta. Ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye ba. Ta jingine tsintsiyar a jikin benci.

“Mushe, ni ban ce a yabe ni ba. In daƙiƙiya ce ni, ya rubuta daƙiƙiya ce, ya sa hannu, in ɗauka in tafi da ita. Shi ya koya mana cewa shaidan da ya ga abu ya yi shiru, ya zaɓi gefe. A darasin tarbiyya ne, yana cikin kayena.”

Alkasum ya mai da tabaraunsa.

Ta ce, “Ka tambaye shi, a ajin nan wa ya fi ni lissafi.”

Ban tambaya ba, ba a bukatar in tambaya. Ya daɗe yana juya jan alƙalaminsa a hannu. Daga waje ana jin masu zuwa masallaci suna wucewa.

Ya ce, “Ka gaya mata babu.”

Ta ce, “Rubutun shifta fa?”

“Tahiru ya fi ta tsabtar hannu.” Ya tsaya. “Ka gaya mata ta fi shi rashin kuskure.”

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ƙarasa sharar har lungun ƙofa, ta ce mini sai gobe, ta fita. Na isar masa da saƙon Illa kamar yadda aka ba ni. Ya ce ya ji. Ya tashi muka tafi masallaci.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a ajinsa, an jera bencina a gefe. Malamai shida ne, da direkta, da wakilan iyaye biyu: Illa, da wani tsohon soja mai suna Mai Nasara wanda ya yi yaƙi a Turai. Ni ne tafinta. Ba a shigo da yara, amma tagogin a buɗe suke, kuma direkta ya gaji da korarsu.

Alkasum ya miƙe ya karanta takwas ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ina fassarawa. Wasiƙunsa ba irin na sauranmu ba ne. Mu mukan ce yaro mai ƙoƙari ne, mai ladabi, ya cancanta. Shi kuwa sai ya ce Habu ya zo daga Zermu bai iya riƙe alƙalami ba, ga inda ya kai, ga kuma abin da har yanzu yake ba shi wuya. Mai Nasara yana ta gyaɗa kai.

Da ya gama ta takwas, direkta ya zaro wasiƙata daga dosiye na ƙarshe ya miƙo mini in karanta. Alkasum ya riga ni kai hannu. Ya karɓe ta, ya ninke biyu, ya ba ni, ya ce, “Na gode, ɗan'uwa. Ka riƙe abarka.” Sannan ya fiddo wata takarda daga aljihun rigarsa.

Illa ya ce, “Alkasum.”

“Na'am, Yaya.”

“Saƙona bai iso ka ba?”

“Ya iso.”

Direkta bai ji Hausa sosai ba, amma ya ga fuskoki. Ya ce in akwai damuwa a ba shi takardar, shi zai karanta, ba wanda zai ce an karya doka. Na fassara da sauri, ina murna an sami mafita. Illa ma ya saki kafaɗa, ya ce to, a ba Nasara, shi ba uwarsa ba ce.

Alkasum ya ce da Faransanci, “Na karanta takwas da bakina, Mushe Direkta. In wani ya karanta ta tara, ta zama dabam ke nan, kuma abin da ɗalibar ta ƙi ke nan.” Ya juya ga wansa ya faɗa da Hausa, don kada in sassauta wajen fassara. “Yaya, ka yi haƙuri. A gida ni ƙanenka ne, abin da ka ce shi zan yi. A ɗakin nan ba ta da wani malami sai ni.”

“Inna fa? Ita ma a ɗakin nan ba uwarka ba ce?”

“Uwata ce ko'ina. Ni zan je in gaya mata da kaina, kafin wani ya riga ni.”

Ya buɗe takardar. Ya dafa ta a kan tebur. Ya karanta layin farko a hankali, kamar yadda yake yi wa yara shifta: “Zuliha Alkasum.”

Illa ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya sa takalmansa ba tare da gaggawa ba, ya fita. Yaran da ke taga suka dare suka ba shi hanya. Alkasum bai ɗaga kai ba, ya ci gaba. Ga ma'anar abin da ya karanta, gwargwadon yadda na fassara shi a ranar:

“Ɗalibata ce shekara biyu. Ƴata ce kuma, ina faɗa tun farko domin masu zaɓe su rage abin da suka ga ya kamata su rage. Ita ce ta ɗaya a lissafi a ajin mutum arba'in da ɗaya, kuma ban taimake ta da kome ba, hasali ma na fi tsananta mata wajen ba da maki, wanda ba daidai ba ne. Takan gano amsa kafin ta iya bayyana hanyar da ta bi, ya kamata malaminta na gaba ya tilasta mata rubuta hanyar. Rubutunta ƙanana ne, ba ta son zane, ba ta da haƙuri da wanda ya fi ta jinkiri. In ta tabbata tana da gaskiya ba ta sauka, ko a gaban wa. A makon nan ta yi mini haka a gaban aji, kuma ita ce da gaskiya. A shekara goma sha shida ban koyar da wanda ya fi ta cancantar kolej ba.”

Da na gama fassarar, Mai Nasara ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Mushe, ni dai na ga abubuwa a Turai, amma ban taɓa ganin wannan ba. Gari zai yi magana.”

“Ya yi, Baba.”

“Za su ce lakwal ta cinye maka kunya.”

“Su faɗa. Sai dai kada su ce na yi ƙarya.”

Direkta ya karɓi takardar ya buga mata hatimi. Ya turo littafin kiran suna, ya nuna guraben nan da ba a cike ba. Alkasum ya ce ba zai cike su ba sai ya ji murya. Ya je bakin taga. Tana can gindin tsamiya, nesa da sauran yara, ta dafe gwiwar hannu ɗaya da ɗayan. Bai ɗaga murya sosai ba, amma filin ya yi shiru har kowa ya ji ya kira ta da sunanta. Ta juyo ta ce, “Firzan, Mushe.” Ya dawo ya cike guraben, ya sa hannu.

Daga lakwal bai biya gidansa ba, Birni ya wuce. Na raka shi har zaure na tsaya. Ban ji abin da aka faɗa a ciki ba, kuma bai taɓa gaya mini ba. Ya daɗe. Abin da na sani shi ne tsohuwar ta yi wata guda in ya je gaisuwa sai ta amsa ta bayan labule. Gari kuwa ya yi magana kamar yadda Mai Nasara ya ce. Mata suka riƙa nuna shi da baki in ya wuce, wani limamin unguwa ya kawo zancen a wa'azi ba tare da ya kama suna ba, wasu iyaye biyu suka cire ƴaƴansu daga lakwal. Alkasum bai fasa bin hanyar da ya saba bi ba, ta tsakiyar kasuwa, kuma bai ba kowa haƙuri ba ban da mahaifiyarsa.

Cikin taran, uku aka ɗauka a kolejin Yamai: Tahiru, da Habu, da Zuliha. Ta tafi a watan Oktoba na 1957, daga gidan Illa, shi ya kai ta tasha. An mai da Alkasum Gure a 1959. Illa bai sake taka gidan ƙanensa ba, bai kuma yi masa magana ba, sai a jana'izar mahaifiyarsu a watan Maris na 1961, wata bakwai bayan samun ƴancin kai.